Inshora ta ƙi biyan kuɗin FFR-CT, shugabata ta ce in canza lambar cuta

Tambaya

Assalamu alaikum Malam. Ina aiki a sashen karɓar kuɗin inshora na wani asibitin likitocin zuciya a nan birnin Niyok, shekarata biyu da samun satifiket ɗin sa lambobin asibiti. Tun da likitocinmu suka fara tura hotunan CT na jijiyoyin zuciya ana yi musu lissafin FFR-CT, wato lissafin kwamfuta na yadda jini ke wucewa a jijiyoyin, takardun neman biyanmu suke ta dawowa. Wasu sun dawo da lambar dalilin ƙin biya CO-181, wasu da CO-197, amma mafi yawa CO-50 ne. Shugabar sashenmu ta ce in daina ɓata lokaci, in buɗe jerin lambobin cutar da Medicare, inshorar lafiya ta gwamnatin Amurka, ke karɓa, in ɗauki wadda ke wucewa in liƙa, in sake turawa, wai haka kowa yake yi. Na gwada a kan guda uku, kuma duka an biya. Tun ranar ban yi barcin kirki ba, domin sunana ne a kan aikin. In na ƙi, ina tsoron rasa aikina. In na ci gaba, ina tsoron abin da ya fi rasa aiki. Don Allah a nuna mini yadda ake cajin wannan gwaji daidai, kuma a faɗa mini gaskiya, abin da na yi laifi ne?

Amsa

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Rashin barcin nan naki yana da dalili, kuma gara da kika tsaya a guda uku. Zan fara da dawowar da ke da sauƙin gyara, domin maganar CO-50 da shawarar shugabarki ita ce za ta ci mana lokaci.

CO-181 ba ta da wani sirri: lambar aikin da kuka tura ba ta aiki a ranar da aka yi gwajin. Daga Janairun 2018 zuwa ƙarshen 2023 ana cajin wannan aiki da lambobin wucin gadi guda huɗu, 0501T zuwa 0504T. Ta farko ta aikin ce gaba ɗaya, ta biyu ta shirya hotuna da tura su, ta uku ta lissafin gudun jini a kwamfuta, ta huɗu ta fassarar likita da rahotonsa. Daga 1 ga Janairun 2024 ƙungiyar likitocin Amurka, AMA, ta soke su duka ta maye gurbinsu da lamba ɗaya, 75580. In har yau 0503T tana fita daga ofishinku, to a cikin jadawalin farashi na manhajarku take maƙale, ko a cikin fom ɗin odar da likita ke dannawa. Ki sa a gyara ta can a tushe. Gyaran takarda ɗaya-ɗaya da hannu wahala ce da ba ta ƙarewa.

Ita 75580 sau ɗaya ake cajinta a kan kowane hoton CT, ko jijiya ɗaya aka auna ko uku. Adadinta a kan fom ɗaya ne. Masu sa biyu ko uku suna kwaikwayon 93571 da 93572 ne, waɗanda ake ƙirgawa jijiya-jijiya, amma waɗancan na awon da ake yi da waya ne a cikin jijiyar kanta, a ɗakin zura bututu, bayan an ba majiyyaci maganin buɗe jijiyoyi irin su adenosin. Ba su da haɗi da lissafin da aka ciro daga hoto, kuma wanda ya sa 93571 a kan FFR-CT ya caji aikin da ba a yi ba. Hoton CT ɗin kansa 75574 ne, yana da nasa kuɗin, kuma in an yi su rana ɗaya ana tura su tare. Kada ki ƙara 76376 ko 76377 a kai, domin sarrafa hoto mai fuska uku yana cikin 75574 tun asali. Awon yawan kitsen da ya taru a bangon jijiya shi ma aiki ne daban mai lambarsa daban, ko da kamfani ɗaya ne ya yi lissafin biyun.

Sai rabon aikin. In a ofishin likitocinku aka yi komai, kuma ku ne kuke biyan kamfanin lissafin, irin su HeartFlow, to 75580 tsurarta za ki tura a fom ɗin CMS-1500, lambar wurin aiki 11. In babban asibiti ne ya ɗauki hoton ya kuma biya kamfanin, likitanku fassara kawai ya yi, to naku 75580 ce da alamar 26, lambar wuri 22 ko 19, shi kuma asibitin ya nemi nasa a fom ɗin UB-04. In kuka manta 26 a irin wannan yanayi, kun nemi kuɗin aikin wani. Ranar aikin fassara kuwa, a ƙa'idar Medicare, ita ce ranar da likita ya kammala dubawa ya rubuta rahoto. Wannan yana da muhimmanci a nan, domin sau da yawa a ɗauki hoto ranar Litinin, sakamakon lissafi ya dawo, likita bai sa hannu ba sai Talata ko Laraba.

CO-197 kuma rashin izinin inshora ne tun kafin aiki. Medicare ta asali ba ta neman izini a kan wannan gwaji, amma yawancin kamfanonin inshora masu zaman kansu da tsare-tsaren Medicare Advantage, wato Medicare da kamfanoni ke gudanarwa, suna nema, galibi ta hannun kamfanonin da suka ba kwangilar tantance hotuna, kamar eviCore da Carelon. Inda ake faɗawa rami shi ne, izinin da aka samo na 75574 ne kaɗai, a ɗauka ya rufe 75580. Bai rufe ba. Kuma yanayin gwajin ne ke jawo haka: ba a sanin ana buƙatarsa sai an karanta hoton, lokacin majiyyaci ya riga ya koma gida, ma'aikacin ɗakin hoto kuma danna maɓalli ɗaya kawai zai yi hotunan su tafi. Maganin shi ne a sa shinge tsakanin karanta hoto da turawa, wato kada hoto ya bar ofis sai wani ya duba inshorar mutumin ya rubuta lambar izini ko ya rubuta cewa ba a buƙata. Wasu kamfanonin suna karɓar neman izini bayan aiki cikin 'yan kwanaki ƙalilan, sai ki duba yarjejeniyarku da kowannensu. Ni ma tsarin nan yana ba ni haushi, a ce likita ya ga jijiya ta ƙuntata da idonsa sannan ya jira amincewar wanda bai taɓa ganin majiyyacin ba. Amma haushi ba ya sa a biya.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar.

Maganar da shugabarki ta faɗa miki, babu makon da zai wuce ban ji irinta ba: wai lambar cuta mabuɗi ce, a yi ta gwadawa har ƙofa ta buɗe, in ta buɗe kuma shi ke nan an yi daidai. Akwai masu sayar da kwasa-kwasan kwana uku a intanet da wannan kaɗai suke koyarwa, har da jadawalin da suka kira lambobin da ke biya. Wannan ita ce fahimta mafi hatsari a sana'armu, kuma ta fi muni a gwaji irin FFR-CT, saboda dalilin da zan nuna miki.

CO-50 tana cewa mai biya bai gamsu gwajin ya zama dole ga wannan majiyyacin ba. Medicare ba ta da doka ɗaya ta ƙasa baki ɗaya a kan FFR-CT. Kamfanonin da ke biya a madadinta a kowane yanki, waɗanda ake kira MAC, su ne ke fitar da takardar sharuɗɗa, LCD, tare da wata takardar ta biyu mai ɗauke da lambobi. A jiharku, a 2024, National Government Services ne. Abin da shugabarki ta ce ki buɗe takarda ta biyun ce. Ta farkon, wadda sharuɗɗan suke ciki, ita ce ba a so a karanta saboda tsawonta.

Sharuɗɗan nan sun yi kama da juna a yankuna, kuma sun bi jagorar ciwon ƙirji da ƙungiyoyin likitocin zuciya na Amurka, AHA da ACC, suka fitar a 2021. Majiyyaci yana da alamun ciwo. An ɗauki hoton CT an kuma karanta shi tukuna. Hoton ya nuna ƙuntatar da ke tsakanin kashi 40 zuwa 90 cikin ɗari a farkon jijiya ko tsakiyarta, wato ƙuntatar da ido ba zai iya yanke hukunci ko tana hana jini isa ba. Sannan sakamakon zai yi tasiri a kan shawarar ko a kai shi ɗakin zura bututu ko a tsaya a magani. Hikimar a fili take. Wanda ƙuntatarsa kashi 25 ce, ba a buƙatar kwamfuta ta faɗa cewa jini na wucewa. Wanda jijiyarsa ta toshe ƙurmus, ko babbar jijiyar hagu ta ƙuntata da rabi ko fiye, ba jiran lissafi ya kamace shi ba. Sannan akwai jerin waɗanda aka cire: wanda aka yi wa tiyatar dasa jijiya, wanda aka sa wa ƙarfen buɗe jijiya, wanda bugun zuciya ya kama cikin kwana 30 da suka wuce, wanda aka yi wa dashen zuciya, mai tsananin ƙuntatar ƙofar babbar jijiya ta awota, da kuma lafiyayyen da ke son a duba shi kawai. Ki sauke LCD ɗin yankinku ki karanta layi-layi, domin ana sabunta su kuma kalmominsu sukan ɗan bambanta.

To ki lura da wannan. Kwamfutar da ke tace takardu a wurin mai biya ba ta ganin ko ɗaya daga cikin sharuɗɗan nan. Ba ta ganin kashi 40 ko 90, ba ta san ko akwai ƙarfe a jijiya ba, ba ta karanta rahoto. Abu biyu take haɗawa: lambar aiki da lambar cuta. In sun dace da jerin da aka ba ta, ta saki kuɗi. A wasu yankunan lambar da ke cikin jerin ita ce R93.1, wadda ma'anarta kawai an ga abin da ba daidai ba a hoton zuciya da jijiyoyinta. Mai ƙuntatar kashi 60 ya cancanci R93.1. Mai kashi 20 ma ba za a ce hotonsa lafiya lau ba. Ga kwamfuta su biyun ɗaya ne, ga LCD kuwa ɗaya an yarda a biya, ɗaya ba a yarda ba. Shi ya sa biyan da aka yi wa takardunki uku bai tabbatar da komai ba. Ya nuna cewa sun wuce matatar kwamfuta. Ko sun halatta, sai an buɗe fayil.

Kuma ana buɗewa. Gwajin nan a sashen majiyyatan waje na asibiti kuɗinsa a 2025 ya kai wajen dala dubu ɗaya, ya ninka kuɗin hoton CT ɗin da aka ciro shi daga ciki, saboda haka idon masu bincike yana kansa. Abin da suke fara dubawa lissafi ne mai sauƙi: cikin hotunan 75574 da ofis ya caja, nawa ne 75580 ta biyo bayansu. In ofishinku kusan kowane hoto sai an tura shi, alhali kowa ya san da yawa daga masu yin wannan hoto jijiyoyinsu lafiya suke ko ƙuntatar ba ta taka kara ta karya ba, kun fita daban a cikin takwarorinku. Daga nan MAC ta aiko da wasiƙar shirin binciken takardu na TPE, ta nemi fayil 20 zuwa 40, kuma tana iya maimaitawa har zagaye uku. Akwai masu binciken RAC da ke komawa baya shekara uku, akwai UPIC masu farautar zamba. In sun samu kuskure mai yawa a samfurin da suka ɗauka, doka ta ba su dama a wasu yanayi su ƙiyasta shi a kan dukkan takardun wannan lokacin, su nemi a mayar da kuɗin gaba ɗaya. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya.

Ga bambancin da nake so ya zauna miki, domin ba kowane canjin lamba ne laifi ba. Ki ɗauki fayil biyu. Na farko, rahoton CT ya ce akwai ƙuntatar kashi 50 zuwa 69 a tsakiyar jijiyar LAD, ɗaya daga manyan jijiyoyin zuciya, mataki na 3 a ma'aunin ƙuntata na CAD-RADS, majiyyaci yana fama da ciwon ƙirji in ya hau bene, likita ya rubuta odar FFR-CT da dalilinsa. Wanda ya shigar da cajin ya kwafo R07.9, ciwon ƙirji, daga odar hoton farko, takarda ta dawo. In kika canza zuwa lambar da ta bayyana abin da hoton ya nuna, gyara kika yi, kuma aikinki ke nan. Fayil na biyu, rahoto ya ce ƙuntata kaɗan ce, ƙasa da kashi 25, mutumin ba ya jin komai, ya zo ne saboda mahaifinsa ya rasu da ciwon zuciya. In kika sa masa R93.1 don ta wuce, ko mafi muni kika sa I25.119 wadda ke cewa yana da cutar jijiyoyin zuciya tare da ciwon ƙirji na anjaina, kin rubuta wa gwamnati abin da ba haka yake ba don a saki kuɗi. A allon kwamfutarki aikin iri ɗaya ne, goge lamba a sa wata. Abin da ya raba su shi ne inda lambar ta fito. Ta farko daga rubutun likita ta taso, ta biyu daga jerin mai biya.

Ƙa'idojin kundin lambobin cuta, ICD-10-CM, na majiyyatan waje ma sun riga sun rufe wannan ƙofa. Ba a sa lambar cutar da likita ya ce ana zargi, ko mai yiwuwa, ko ana so a kore ta. Ana sa abin da aka tabbatar, in ba a tabbatar ba a sa alamar da ta kawo mutum. Kuma ke ba ki da hurumin mayar da ciwon ƙirji ya zama anjaina. Likita ne kaɗai zai rubuta wannan kalma. Tazarar da ke tsakanin I25.10 da I25.119 kalma ɗaya ce a rubutun likita, in babu ita babu lambar.

Abin da masu koyar da lambobin da ke biya ba sa faɗa shi ne, lambar ba ta tsayawa a ofishin kuɗi. Tana shiga tarihin mutum ta zauna. Direban babbar mota da aka liƙa wa anjaina zai je sabunta takardar lafiyarsa ta tuƙi a tsare shi da tambayoyi da sababbin gwaje-gwaje, wata ƙila ya yi makonni ba ya kan hanya. Wanda ya je sayen inshorar rai zai ga an ƙara masa kuɗi ko an ƙi shi, domin kariyar da doka ta ba masu tsohuwar cuta a inshorar lafiya ba ta shafi inshorar rai ba. Likitan da zai gan shi nan gaba a ɗakin gaggawa zai karanta cutar da ba shi da ita ya gina shawara a kai. Sannan mai Medicare ta asali yana biyan kashi 20 cikin ɗari na kuɗin daga aljihunsa ko daga inshorarsa ta biyu, wato dattijon da ke zaune da kuɗin fansho an ɗora masa wajen dala ɗari biyu a kan gwajin da bai buƙata. Wannan haƙƙin mutum ne, kuma mu da muka taso muna jin abin da aka ce game da masu tauye mudu bai kamata a yi mana dogon bayani ba. Amana aka ba mu ta rubuta abin da ya faru da jikin bawan Allah, ba shi a wurin, bai san lambobin ba, ba zai iya kare kansa ba.

Ta fuskar doka kuwa, dokar hana neman kuɗin gwamnati da ƙarya, wadda Amurka ke da ita tun 1863, tana ɗora ninki uku na asarar da aka jawo, da tarar da ta haura dala dubu 13 a kan kowace takarda guda. Ba sai an tabbatar mutum ya yi niyyar zamba ba. Kau da kai da gangan da yin sakaci mai tsanani duk sun shiga ma'anar sani a wannan doka. Cewa oga ce ta sa ni ba ta wanke wanda ya danna maɓallin. Ofishin babban sufeto na ma'aikatar lafiya, OIG, yana da jerin waɗanda aka haramta wa aiki da duk wata cibiya mai karɓar kuɗin Medicare, kuma ba likitoci kaɗai ke shiga ba. Ƙungiyar da ta ba ki satifiket, AAPC ce ko AHIMA, ita ma tana iya ƙwace shi. Ba na faɗa don in ƙara miki tsoro. Wanda ya tsaya a takarda uku, ya bincika, ya kai rahoto, matsayinsa daban yake da wanda ya yi ɗari uku yana sane.

Saboda haka ki fara da ukun nan gobe da safe. Ki ciro fayil ɗin kowanne ki nemi abubuwa huɗu. Odar likitan da ke kula da majiyyacin, wadda ta ambaci FFR-CT da kanta. Oda mai sharaɗi, wadda ta ce a yi lissafin in hoto ya nuna ƙuntatar kashi 40 zuwa 90, ana amfani da ita sosai kuma ta bambanta da umarnin a tura kowane hoto. Sai rahoton CT mai sa hannu, wanda ya faɗi jijiyar, da gurbin, da kashin ƙuntatar da lamba, kuma lokacinsa ya riga lokacin tura hotuna. Kalmar matsakaiciyar ƙuntata ba tare da kashi ko matakin CAD-RADS ba tana kayar da takardu masu gaskiya da yawa. Sai bayanin alamun ciwo a rubutun ganin likita, tare da tabbacin babu ɗaya daga abubuwan da aka cire. Na huɗu shi ne fassarar likita ta FFR-CT ɗin kanta.

Wannan na huɗun ana yawan raina shi. Takardar launi-launi da kamfani ke dawowa da ita, mai zanen jijiyoyi shuɗi da ja, ba fassara ba ce. Bayanin 75580 ya ce tare da fassara da rahoton likita. Dole a ga likita ya rubuta adadin kowace jijiyar da aka auna, LAD da LCx da RCA, ya faɗi inda aka karanta shi, wanda bisa al'ada santimita ɗaya zuwa biyu ne bayan ƙuntatar, domin a can ƙarshen jijiya adadin yakan sauka ko da babu wata toshewa ta a zo a gani. Ya faɗi ma'anarsa: sama da 0.80 jini na isa, 0.75 zuwa ƙasa akwai ƙarancin jini, 0.76 zuwa 0.80 kan iyaka ne sai an haɗa da sauran bayanai. Ya sa hannu da kwanan wata. In kuma kamfanin ya dawo da hotunan ya ce ba za su lissafu ba, saboda majiyyaci ya motsa, ko bugun zuciyarsa ya yi sauri, ko alli ya cika jijiyar ya rufe hoton, to babu sakamako, babu fassara, babu 75580. Ki duba ko manhajarku tana fitar da caji ne tun lokacin da aka tura hotuna. Da yawa haka aka saita su, kuma ta nan cajin aikin da bai kammala ba ke sulalewa ba wanda ya lura.

In fayil ya cika waɗannan kuma lambar da kika sa ta dace da rubutun, kin tsira a kansa, ki rubuta abin da kika duba ki ajiye. In bai cika ba, kuɗin da aka biya rarar biya ne, kuma doka ta ba cibiyar kwana 60 daga gano shi ta kai rahoto ta mayar. Wannan ba aikin da za ki yi ke kaɗai a ɓoye ba ne. Ki rubuta wa jami'in bin ƙa'ida na asibitin, in babu shi ki rubuta wa likitan da ke shugabantar wurin. Ki faɗi lambobin takardun, abin da aka canza, da abin da fayil ya nuna, ba zagi ba zargi. Ita shugabar taki, ki roƙe ta cikin ladabi ta ba ki umarnin a rubuce. Yawanci a nan maganar ke mutuwa. Ki ajiye wa kanki tarihin ranaku da abin da aka ce, amma kada ki kwashi bayanan majiyyata zuwa wayarki ko gidanki, domin wannan karya dokar sirrin majiyyata ta HIPAA ne kuma zai juya maganar a kanki. Dokar hana neman kuɗin gwamnati da ƙarya da na ambata tana hana a kori ma'aikaci ko a musguna masa don ya yi ƙoƙarin hana irin wannan, in kuma kika ga alamar ramuwa ki nemi lauyan da ya san harkar ma'aikata da wuri.

Sauran CO-50 da ke kan teburinki ki kasa su. Waɗanda hujjarsu ke cikin fayil, ɗaukaka ƙara suke buƙata, kuma a Medicare ta asali kina da kwana 120 daga samun sanarwar ƙin biya ki nemi a sake dubawa, in an sake ƙi kina da kwana 180 zuwa mataki na biyu. Kada ki sake tura takardar a matsayin sabuwa, za ta dawo da CO-18, wato maimaici, kwanakinki kuma suna tafiya. Ki haɗa odar, da rahotannin biyu, da rubutun ganin likita, da gajeriyar wasiƙa mai nuna sharaɗin LCD da shafin da ya cika shi. Tun 2024 tsare-tsaren Medicare Advantage ma wajibi ne su bi LCD ɗin yankin, saboda haka ki kafa musu hujja da shi. Waɗanda rubutun likita ne bai fito fili ba, ki aika masa tambaya a rubuce wadda ba ta nuna masa amsar da kike so ba. Ki ce rahoto bai faɗi kashin ƙuntatar ba, ko zai fayyace. In ya ƙara bayani, ya sa kwanan watan ranar da ya ƙara, kada a taɓa tsohon rubutu.

Waɗanda ba su cika sharaɗi ba kuwa, asara ce ta asibiti, a share su. Harafin CO yana nufin ba a bin majiyyaci wannan kuɗi. Hanya ɗaya da za a iya cajinsa a Medicare ta asali ita ce in ya sa hannu a takardar ABN mai sanar da shi cewa Medicare na iya ƙin biya, fom CMS-R-131, kafin a yi aikin, an faɗa masa dalili da kiyasin kuɗi, sannan a tura da alamar GA. In ana tsammanin ƙin biya kuma ba a karɓi ABN ba, alamar GZ ce, kuma kuɗin ya tafi. Ba a kiran mutum bayan mako biyu ya sa hannu da tsohon kwanan wata, ba a kuma ba kowa ABN a ƙofa don rigakafi. Tunda majiyyaci yana gida lokacin da ake yanke shawarar tura hotunan, in likita ya ga yana son gwajin duk da ƙuntatar ba ta kai kashi 40 ba, sai a riƙe hotunan, a kira mutumin a yi masa bayani, a aika masa fom ɗin, kuma kada a danna turawa sai ya dawo da sa hannunsa.